Tsatsa, Karyar Gareji

Tun ranar da likitan ido ya ce masa ya ajiye tuƙi, Dogo bai sake sanin inda zai sa kansa ba. Ya yi shekara da shekaru yana jan babbar mota a doguwar hanya, ya daɗe bai ga ƙofar gidansa ba, in ya dawo ya ɗan huta ya sake saɓa jaka. Yanzu ga shi a gida safe da yamma, kamar kujerar da aka sayo ba a auna ɗaki ba. In ya zauna a falo, nan matarsa za ta share. In ya koma tsakar gida, nan za ta yi shanya. In ya leƙa kicin da niyyar taimako, sai ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Baban Auta, don Allah ka bar min cokulana inda ka same su."

Saboda haka kullum da hantsi sai ya taka zuwa garejin da ake yi masa gyara a da. Mai wurin tsohon makanike ne da ake wa laƙabi da Sufana, kuma yana da wani benci a inuwa wanda ba ya ƙin baƙo. A nan Dogo yake shan shayi, yana gyara wa direbobin zamani tuƙi da baki.

A can ƙarshen garejin akwai wata matacciyar bas da ta zauna a kan duwatsu, ba taya ba gilashi. Ƙarƙashinta wata karya take kwana. Ja ce mai duhu, shi ya sa ma'aikatan wurin suke ce mata Tsatsa. Ba ta kowa ba ce. Haƙarƙarinta a waje, kunnenta ɗaya a yage, kuma ba ta taɓa yarda ta matso inda hannu zai kai gare ta ba. Dogo yakan jefa mata gefen burodinsa. Ba ta ɗauka sai ya kau da kai, in ya waiwayo kuma, ba burodi ba karya.

Wata rana ya iso ya tarar da garejin a hargitse. Ashe mai filin ya sayar, za a gina shaguna. Sufana yana ɗaure kayan aikinsa, masu yankan ƙarfe kuma sun dirar wa bas ɗin da wuta. Da suka ɗaga gangar jikinta sai ga Tsatsa a fili, rana ta haske ta. Ta yi nan, ta yi can, ta dawo daidai inda bas ɗin take ta tsaya tana rawar jiki. Wani ya ɗauki dutse.

"Kai, ajiye!" Dogo ya daka masa tsawa. "Me ta ci maka?"

A ranar ne ya fara ganin wuyanta da kyau. Wani ya taɓa ɗaura mata waya tun tana 'yar kwikwiyo. Ita ta girma, wayar ba ta girma ba, har ta nutse cikin nama. Wurin ya kumbura yana ruwa, ƙudaje sai binsa suke yi. Duk watannin nan yana jefa mata burodi yana ganin ya kyauta, bai san da abin da take yawo ba.

Da ƙyar shi da Sufana suka rufe ta da tsohon bargo, suka sa ta a bayan motar ɗaukar kaya, suka nufi asibitin dabbobi. Likitar wata mace ce mai sanyin magana. Ta yi mata allurar barci, ta yanke wayar, ta wanke ciwon ta ɗinke, ta cire mata kaska, ta yi mata rigakafi. Da ta gama ta cire safar hannu ta ce, "To, ina za a kai ta? In ta koma titi da wannan ɗinkin, aikin banza na yi."

Sufana ya dubi silin. Shi a ɗakin haya yake a saman bene.

"Gida," in ji Dogo. Sai da maganar ta fita sannan ya tuna ba shi kaɗai ne a gidan ba.

Likitar ta ce, "Baba, bari in faɗa maka gaskiya. Wannan ba ta san gida ba. Ba ta san kwano ba, ba ta san shafa ba. Ka ba ta lungu, ka ba ta abinci a lokaci guda kullum, sannan ka ƙyale ta. Ƙyalewar ce mai wuya."

Dogo ya gyaɗa kai kamar ya ji. Shi da ya sha lallaɓa mota mai nauyi a kan gangara, karya ce za ta gagare shi?

Matarsa tana ban ruwan furanninta suka shigo da bargon. Ta tsaya da buta a hannu, ta dubi bargon, ta dubi mijinta.

"Mene ne wannan?"

"Baƙuwa ce, Maman Auta. Ba ta da lafiya."

"Mutane suna ritaya su sayi rediyo, kai ka kwaso min kare?"

Ya ba ta labarin wayar. Ta leƙa wuyan, ta yamutsa fuska. Can ta ce, "Ba za ta shigar min ɗaki ba. Ba za ta lasar min kwano ba. Duk abin da ta ɓata kai za ka kwashe. Ranar da ta warke kuma, ka san inda za ka kai ta."

"Na ji, na yarda."

Da barcin ya sake ta, Tsatsa ta miƙe tana tangaɗi, ta zagaya katanga tana neman kafa, ba ta samu ba. Sai ta cusa kanta bayan tankin ruwa, wani matsattsen wuri mai duhu da danshi, ta lafe.

Washegari Dogo ya tashi da ƙarfinsa. Ya sayo katako da ƙusa, ya wuni yana buge-buge har ya haɗa mata ɗaki mai rufi, ya shimfiɗa buhu a ciki. Duk bugun guduma ɗaya, karyar sai ta ƙara shigewa lungu. Ya zuba mata shinkafa da romo a sabon kwano, ta ƙi ko kallonsa. Sai da abincin ya zube a ƙasa, tsakar gida kuma ta yi shiru, sannan ta fito ta lashe. Da ya ga ta ƙi ɗakin sai ya ce bari ya nuna mata hanya. Ya ɗauko igiya ya zura mata.

Kukan da ta yi bai taɓa jin irinsa ba. Ta yi ta birgima tana dukan kanta da ƙasa, har fitsari ya kuɓuce mata. Matarsa ta fito a guje da kumfar wanki a hannu.

"Haba, Baban Auta! Wuyan da aka ɗinke jiya shi za ka ɗaure? Sake ta!"

Ya saki igiyar. Ranar bai iya cin abincin dare ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Tsatsa ta tone tukunyar furen da matar ta fi so ta binne ɓawon burodi a ciki. Ta jawo zanin gado daga igiyar shanya ta kai bayan tanki ta kwanta a kai. Dogo ya yi kwasa, ya yi wanki, ya ba da haƙuri har bakinsa ya gaji. Da 'yarsu Auta ta kira daga garin da take aiki, uwar ta zayyana mata komai, ita kuwa ta yi ta dariya har da tari.

"Baba ne da kare? Baban da ya hana ni riƙe mage?"

"Ba shi wayar ma ba zan yi ba," in ji uwar. "Yana can durƙushe gaban tanki yana wa karya magiya."

Gaskiya ta faɗa. Kullum Dogo sai ya jawo kujera gaban tankin, ya riƙe tsokar nama, yana kira. "Tsatsa. Zo mana. Zo, 'yar gari." Ya yi fito, ya yi tafi, ya canza murya. Abin da yake gani kawai idanu biyu ne a cikin duhu, ba sa matsowa ba sa ƙiftawa. Wani lokaci haushi ya kama shi. Shi ya ɗauko ta, shi ya yi ta fama, amma kallon da take masa bai bambanta da wanda take wa mai jifa ba.

Matar kuwa ko kallon tankin ba ta yi. Harkokinta kawai take. Sai dai Dogo ya lura ta daina share wannan gefen da tsintsiya, ta koma kwashe ganye da hannu. Da ya tambaya ta ce, "Ba ka gani ba? Da na ɗaga tsintsiya take maƙurewa. An sha dukanta da sanda. Ni kuma ba na son a riƙa kallona kamar muguwa a gidana."

Wata ranar da yamma ya dawo daga karɓo maganin idonsa, ya turo ƙofa a hankali, sai ya tsaya cak. Matarsa na zaune a kan 'yar kujera tana tsintar shinkafa, tana waƙa ƙasa-ƙasa. Ga Tsatsa kwance a fili kusa da ita, ta ɗora haɓa a kan ƙafafunta, idanu a lumshe. Ƙofar ta yi ƙara. Kafin ya ce wani abu ta shige bayan tanki.

Ya zauna a bakin baranda, ya cire takalmi.

"Ni na kawo ta," ya ce daga baya. "Ke ko sunanta ba kya kira."

"Shi ya sa."

"Shi ya sa me?"

Ta watsar da tsakuwar da ta tsinto. "Ka cika matsa mata. Kana so ta so ka yau-yau, don ka ji daɗi. Ni ba na neman komai a wurinta, shi ya sa take samun sukuni." Ta juya shinkafar a faranti. "Haka ka riƙa yi wa Auta."

"Auta kuma?"

"Tana ƙarama. Ka yi tafiyarka ka daɗe, ka dawo da ƙatuwar murya da leda cike da tsaraba, ka ce ina 'yata, zo nan. Yarinya ta gudu bayan ƙofa. Kai ka yi fushi ka ce na ɓata ta. Ba ɓata ta na yi ba, ba ta san ka ba ne. Sai ta fara sakin jiki, ta fara leƙo ka, sai ka ɗauki jaka."

Ba da faɗa ta yi maganar ba. Hannunta bai ma daina tsintar ba. Dogo ya buɗe baki zai ce ai neman abin da za su ci ya tafi, sai ya ga ta san wannan, ba kuma maganar da ake yi ke nan ba. Ya dubi tsakar gidan: igiyar shanya, tukwanen fure, tabon hayaƙi a bangon kicin. Shi ya gina gidan, amma ita ta zauna a cikinsa. Yara sun yi rarrafe a nan, sun yi zazzaɓi, sun yi faɗa sun shirya, duk yana wani gari yana jiran a sauke kaya.

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa min ba?"

"Yaushe ka zauna?" Ta miƙe da farantin. "Yanzu dai ga ka. Zauna ɗin za ka koya."

Daga ranar ya daina kira. Da safe ya zuba abincin a kan wani faffaɗan dutse kusa da tanki, ya koma can gefe ya ba ta baya yana sauraren rediyo. Da yamma ma haka. Abin ya fi tuƙin dare wuya, domin wuyansa har ƙaiƙayi yake ya waiwaya. A hankali ya fara jin ƙarar lasa a bayansa. Daga baya ya ɗora kwanon a kan dutsen, ta yi kwana biyu tana zagaya shi, sannan ta ci. Da lokacin cire zare ya yi, likitar ce ta biyo ta gidan da kanta, ta ce ciwon ya kama, ta kuma ce karyar ta yi ƙiba. Maganar mayar da ita titi ba wanda ya tayar. Dogo ya yi ta jira matarsa ta tuna masa, ita kuwa sai cewa ta yi a daina zubar da ƙashin miya.

Ana haka wata safiya mai kawo gas ya bar ƙofa a buɗe. Kafin a ankara bayan tanki ba kowa. Dogo ya duba layinsu, ya duba bayan shaguna da wurin zuba shara, ya tambayi mai wanki da mai gyaran takalmi, ba wanda ya gan ta. Sai da ya tsaya ya numfasa sannan ya san inda za ta.

An kewaye tsohon garejin da langa-langa. Ta wata kafa ya leƙa. Ba benci, ba inuwa, ba ko guntun ƙarfe, an baje wurin an jibge yashi da bulo. Tsatsa na kwance a tsakiyar rana, a kan wani baƙin tabon mai, daidai inda bas ɗin take a da.

Mai gadin wurin ya bar shi ya shiga. Dogo bai nufe ta ba. Ya sami bulo can nesa kaɗan ya zauna. Shi ma tun da aka tashi garejin bai sake zuwa ba, sai yanzu ya ji abin ya taɓa shi. A nan aka sha sauke masa inji, a nan aka sha musu da dariya, ga shi ko alama babu. Bai ga laifinta ba. Wurin ba daɗi, an jefe ta a nan, ta kwana da yunwa a nan, amma shi ta sani.

Suka zauna har inuwar katanga ta fara tsawo. Mai gadin ya ce, "Baba, in kawo igiya?"

"A'a. Bar ta."

Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce a hankali kamar da kansa yake, "To, ni zan tafi gida." Ya fita bai waiwaya ba. Ya wuce shagon mai faci, ya wuce kantin magani, zuciyarsa na cewa ka juya, yana ƙi. Sai wajen famfon unguwa ya ji ƙarar farata a kan kwalta, can baya.

A bakin babban titi ya tsaya. Motoci na wucewa a guje, idonsa kuma ba ya tantance nisan mota kamar da. Ya yi ta jira. Yana tsaye ya ji wani abu mai ɗumi ya gogi ƙafar wandonsa. Bai sunkuya ba. Da hanya ta buɗe ya taka, ita ma ta taka, suka haye tare, tana manne da shi har ɗaya gefen. Suna hayewa ta sake ja da baya ta bar tazara.

A ƙofar gida suka tarar da matarsa ta yafa mayafi, da takalmin fita a ƙafarta.

"Ina zuwa?" ya tambaya.

"Kanti."

"Kanti ba jaka?"

Ta harare shi, ta matsa gefe. Tsatsa ta raɓa ta wuce ciki, ta nufi bokitin da ke ƙarƙashin famfo ta yi ta sha kamar ba za ta daina ba.

"Bokitin wankina ne fa," in ji matar. Amma ba ta kore ta ba.

Ba a ce komai ya daidaita daga nan ba. Ɗakin katakon har yau ba ta kwana a ciki ba, matar ta mai da shi ma'ajiyar gawayi da tsofaffin bokitai. Ba ta daina binne burodi ba, sai dai an ware mata tukunya guda da ba a shuka komai a ciki. In aka yi tsawa tana komawa bayan tanki. Amma da yamma takan bi Dogo su zaga unguwa ba igiya, wani lokaci har da matar, wai ƙafarta take miƙewa. Auta kuma in ta kira, Dogo yakan karɓi wayar ya tambaye ta aiki, ya yi shiru ya saurara har ta gama, ko da labarin ya yi tsawo.

Wata ranar da hantsi ma'aikacin wuta ya zo duba mita. Ya ƙwanƙwasa sau ɗaya ya turo kai. Sai ga wani haushi mai kauri ya cika gidan, har matar ta saki murfin tukunya. Tsatsa ce tsaye a tsakiyar gida, gashin bayanta a miƙe, ta tare hanya.

"Ikon Allah," in ji matar daga ƙofar kicin. "Ashe tana da murya!"

Ma'aikacin ya maƙale a jikin ƙofa. "Baba, tana cizo?"

"Tsaya dai inda kake." Dogo ya matso, ya sunkuya, ya ɗora tafin hannunsa a bayanta. Ya ji jikinta ya ɗaure, yana jira ta zille. Ba ta zille ba. Haushin ya koma gurnani, gurnanin ya mutu. "Shigo, ɗana. Bi ta gefen bango, kada ka kalle ta."

Mutumin ya duba mitarsa a gurguje ya fita. Tsatsa ta raka shi har bakin ƙofa, ta shinshina inda ya taka, ta yi atishawa. Sannan ta dawo tsakiyar gidan, daidai kan hanyar kicin, ta juya ta juya, ta zube a rana ta baje ciki sama.

Matar ta fito da kwandon wanki a kai. Ta tsaya ta dube ta, ta yi tsaki, ta zagaye ta ta wuce.